Facin Asuba

Ban gama shimfiɗa buhuna ba
a gindin dalbejiyar Gyaɗi-Gyaɗi,
mai shayi bai gama hura gawayi ba,
sai ga mutum tafe yana tura keke,
tayar baya na faɗin fat, fat a kan kwalta.

Hular kwano, baƙin tabarau,
wando ɗamamme kamar na masu iyo.
Keken kuwa da yatsa biyu na ɗaga shi.
Kuɗinsa ya sayi rumfata
da famfona, da ni kaina, a dawo da canji.

Ya ce, “Baba, ƙusa na taka.”

Muryar nan!
Ita ce a wayar jikata,
ita ce a cikin kowane a-daidaita-sahu
daga Kabuga har Hotoro,
ita ke hana ni barci in ana biki a layinmu.
Na yi gum. Na zaro tiyub,
na tsoma a ruwan daro ina jiran kumfa.

Kumfa ta taso, tsohon zance ya biyo ta:
Lurwanu, ɗan gidan mai daddawa,
silifas wari da wari,
naira biyar a dunƙule, ta jiƙe da gumi.
Hayar keke zagaye uku ce,
ba a wuce tuƙa-tuƙar unguwa.
Shi sai ya wuce.
Rannan har Gidan Zu ya kai,
ya dawo bayan magariba, gwiwa a ƙuje,
sifok huɗu a karye, ƙararrawa babu.
Ya ce gobe zai biya.
Goben nan shekararta ashirin da biyu.

Na goga sholisho, na hura, na ce,
“Mai motoci, me ya haɗa ka da feda?”

Ya zauna a kan tsohuwar taya.
Ya ce, “A mota gilashi ne tsakanina da gari,
Kano sai ta zama kamar talabijin.
A dandamali tun ban buɗe baki ba ake ihu,
ban san ko na iya ba, ko kuwa sabo ne.
Amma hawan Goron Dutse bai san sunana ba.
In na yi lalaci, sai in sauka in tura
kamar kowa.
Ran Lahadi mu uku ne:
ni, da mai tsaron raga da ya yi ritaya,
da mai barkwancin nan na fim, mai tumbi,
wanda ko kalma ɗaya ba ya furtawa a hanya,
numfashi kawai, da salati in an zo gangara.”

Gari ya fara buɗe ido.
Mai shayi ya ƙura masa kallo,
hannunsa na laluben waya a aljihu.
Na gyara tsayuwa, na ba shi bayana,
babbar rigata ta yi mana labule.
Na buga iska, na matsa tayar da babban yatsa.

Ya zaro kuɗi masu kauri, bai ƙirga ba.
Na zari ɗari uku, kuɗin faci,
na mayar masa da sauran, na ce,
“Saura sifok huɗu da ƙararrawa.”

Ya cire tabarau.
Idon nan bai girma ba ko kaɗan.
“Baba Haladu!”
Ya sake miƙo damin, har da rantsuwa.
Na ɓoye hannuna a baya.

Ya yi dariya, ya ɗora ƙafa a feda,
ya ce, “To, gobe.”

Na bi shi da ido har kwanar asibiti,
yana tuƙi a tsaye, yana karkata kafaɗa
kamar yadda na sha hana shi.
Ya riƙe bashin nan, na fi so.
Wanda ya biya, ba lallai ya dawo ba.