Kwalbar da Na Tsinta

Yau ku ajiye littafin lissafi.
Ga kwalbar da na tsinta bayan ban-ɗaki,
ta maganin tari ce, an lashe ta tas,
alhali ba wanda ya yi tari a ajin nan
tun sanyin Janairu.

Ba zan tambayi mai ita ba.
Ku dai dubi bencin can na kusa da taga.
Nan Mudansir yake zama bara,
yaron da ke haddace darasi kafin in goge allo.
Jiya na gan shi a Taminus
yana barci a tsaye, ƙuda na yawo a leɓensa.
Na kira sunansa sau uku.
Ya ce, "Oga, kawo ɗari."

Kun san kududdufan kuza na hanyar Bukuru,
ruwa kore, kwance luf, kamar an shimfiɗa darduma.
Wanda ya tsoma ƙafa don ya ji sanyi,
shi ake lalube da gora washegari.
Haka kodin yake. Haka taramol.
Kuma aboki ne zai miƙo maka,
ya ce kurɓi ɗaya, karatu zai zauna.

Nanbam, bar dariya.
Akwai wanda hannunsa ke rawa tun Litinin,
na gani, ban faɗa ba.
Babu bulala a ofishina yau,
shayi ne kawai da kujera biyu.
In an kaɗa ƙararrawa, ƙofar a buɗe take.

Kwalbar kuwa, ga ta nan kan tebur.
Ku yi ta kallonta har a tashi.