Bin Sawun Fatu

Shekara talatin da ɗaya ina ɗaure fatun jar akuya,
in barbaɗa musu gishiri, in ƙirga su goma-goma,
babbar mota ta kwashe su ta nufi bakin teku.
An ce can sukan koma safar hannu,
ko jakar mata mai kuɗin bijimi uku.
Ni kuwa ban taɓa wuce Kwatano ba.

Bana Barira ta ce, "Baba, ka zo."
Tana Liyon, tana koyon haɗa magani.
Ta ce akwai tikiti guda
da ke buɗe ƙofar jirgin ƙasa a ƙasashe da yawa,
kwana goma sha biyu, gari huɗu.

Na baje wata fata da sayo ya ɓata,
na kifa ta a kan tabarma,
na zana hanyar da biro a bayanta:
Liyon a wuya, Zurik a kafaɗa,
Biyana can wajen ƙugu,
Milano kusa da cibiya,
inda aka ce fatunmu ke sauka.

Nomau mai shago ya leƙo ya duba.
"Me za ka saro?"
Na ce ba saro ba ne, kallo ne.
Ya yi dariya har sai da ya dafa ƙyaure.
A Maraɗi wanda ya tafi bai dawo da kaya ba,
ko ya karye ne, ko asibiti ya je.

Abin da ke hana ni barci minti bakwai ne.
Barira ta rubuto: a Zurik za mu sauka,
mu hau wani cikin minti bakwai.
Minti bakwai!
A tasharmu bai isa gaisuwa ba,
ba a kai ga "ina iyali" ba ma.
Kuma wai jirgin can ba ya jira ya cika,
ko da mutum biyu ne sai ya tashi.
Wa ke biyan man?

Da asuba na gwada ƙafata,
daga masallaci zuwa bakin kasuwa, da jaka a hannu.
Minti tara, da tsayawa ɗaya saboda gwiwa.
Gobe zan rage kaya.

Tsahara ta ce a bar kilishi, ba ya shiga.
Ta ɗinka aljihu a cikin 'yar ciki don fasfo,
ta sayo rigar sanyi a gwanjo
mai warin ɗakin wani da ban sani ba.
Na tambayi liman yadda ake fuskantar gabas
a abin da ke karkata kamar gulbi da damina.
Ya ce, "Ka yi niyya, ka yi ƙasaru."

Kofin shayi, in ji yarinyar, ya kai jaka biyu.
Na buga lissafi sau uku,
na rufe littafin, na tura shi ƙarƙashin matashi.

Takardun biza sun tafi Yamai tun watan jiya.
Ban gaya wa kowa ranar tashi ba, don ba ni da ita.
Jiya ma akuyar gidan nan ta samu jadawalin da aka bugo mini,
ta cinye Biyana har da rabin Laraba.

Ba komai.
Abu ɗaya nake so in Allah ya kai mu Milano:
in shiga shago mai madubi,
in ɗauki safar hannu, in juya cikinta,
in nemi ɗan tabon ƙayar aduwa,
in kai ta hanci.
In mai shagon ya tambayi abin da nake nema,
Barira ta fassara masa:
tsoho ne, ya zo gaishe da 'yan garinsu.