Mataki Ɗari da Sittin da Biyu

Tsakanin ƙofata da bakin teku
mataki ɗari da sittin da biyu ne.
Shekara goma sha tara ina hawa da sauka ban ƙirga ba,
sai da na arba'in da ɗaya ya kwashe ni
ranar da aka yi yayyafi a Valparaíso,
jakar lemo a hannuna.
Lemon ya riga ni isa ƙasa.

Likita ya ce idon sawu ya karye gida biyu,
wuyan hannun hagu ya tsage.
Ya sa ƙarfe da ƙusa bakwai,
ya ce, Ximena, mako goma.
Ya faɗa kamar mai faɗin kuɗin burodi.

Yanzu taga ce duniyata.
Jiragen ruwa na shigowa da akwatunan ƙarfe,
ja, shuɗi, ruwan ƙasa,
ƙafata kuwa na bisa matashi uku
kamar baƙuwar da ta zo ba ta da niyyar tafiya.

Aiki bai san karaya ba.
Kowace Talata Baldomero yakan hauro
da littafin lissafin ƙungiyar masunta a hammata,
yana haki, yana warin kifi da taba,
ya zube mini rasit na mai da na ƙanƙara
waɗanda ruwan gishiri ya lashe rabin lambobinsu.
Da hannu ɗaya nake tarawa.
Sau biyu na mai da bakwai ɗaya,
sau biyu ya gyara da guntun fensirinsa
ya ce rubutunsa ne mummuna.

Da dare ƙashi yakan tashi hira.
Ba zafi ba, ƙaiƙayi ne can ƙarƙashin filasta
inda tsinken saƙa ba ya kaiwa.
Sai in buɗe littafin da Eliana ta aro mini,
na tsuntsayen gaɓa, shafi ɗari shida,
in danne shi da kwalbar zuma kada ya rufe.
Da can ina karatu kamar wadda ruwa ya biyo.
Yanzu nakan kwana a shafi guda,
wurin wani ɗan tsuntsu da ke tasowa daga arewa mai nisa
ya sauka a yashinmu, bai fi nauyin ƙwai ba.
Sau huɗu na karanta.
Na ji haushinsa.

Tikitin Chiloé na manne jikin firji:
sha biyu ga Fabrairu, motar dare zuwa Puerto Montt,
daga nan sai jirgin fito.
Ƙanwata Maite ta bugo waya, wai a ɗaga.
Na ce a'a.
Ta ce taurin kai. Na ce gado na yi.
Tsohuwarmu na can, shekara tamanin da uku,
ta aiko cewa dankalinta ba ya jiran ƙafar kowa.
Na ƙirga a kalanda da jan biro:
goma na likita,
ɗaya da kwana uku nawa.

An ce sannu ba ta hana zuwa.
Wanda ya faɗa bai yanki tikiti ba.

Mai gashin ƙashi, wata yarinya Paz,
ta watsa maɓallai a kan tawul
ta ce in tsince da yatsun ƙafa.
Ni da ke riƙe da kuɗin jirage talatin
na yi sharkaf da gumi a kan maɓalli ɗaya,
fari, mai huda biyu.
Da na ɗaga shi ta yi tafi,
ni kuma na kau da kai don kada ta ga idona.

Yau na fita da sanda.
Ɗaya. Biyu. Ƙarfen bango ya yi sanyi.
A na tara gwiwa ta ce ya isa, na zauna.
Daga nan ina hango na arba'in da ɗaya,
wata kyanwa na barci a kansa,
ba ruwanta.

Can sai ga hular Baldomero tana haurowa.
Ya tsaya, ya dube ni, ya dubi ƙofata a sama,
bai ce komai ba.
Ya zauna a na goma, ya buɗe littafi a cinya,
iska na son kwashe rasit,
na danne su da ƙafar da ta karye.