Mai Sassaƙa a Juye

A Obalende na same shi,
cikin takardar da Ɗan'azumi ya ƙunshe mini balangu.
Maiƙo ya ratsa rabin shafin,
yaji ya zauna a kan gajimare,
amma ga ruwan Ikko nan, ga kwalekwale,
ga bishiyar kwakwa ta sunkuya kamar mai neman allura.
Can ƙasa a kusurwa haruffa biyu,
ƙanana kamar sawun cinnaka,
da wata shekara da ta girmi kakana.

Ɗalibin da ke jiran hatiminsa ya leƙo, ya ce:
Bajamushe ne, a kan katako ya yi shi.
Wataƙila bai taɓa taka ƙasar nan ba,
matafiyi ya kai masa zane.

Na yarda.
Dubi filafilin da ya ba masunci,
ko ƙwarya ba zai tura ba.
Dubi ruwan, ya kwanta lumui,
ni kuwa ban taɓa ganin sa a kwance ba.

Duk da haka na shaida hannun.
Shekara talatin da ɗaya ina gindin gadar nan
ina yanka sunayen mutane a kan roba,
dama ta koma hagu,
har nawa sunan na fi gane shi a juye.
Abin da na sani ya sani:
inda ka cire, nan ne haske,
inda ka bari, shi ke shan tawada,
kuma aska ba ta jin a yi haƙuri.

Ina ganin sa a ɗakin sanyi,
fitila ɗaya, yatsu sun ƙage,
yana riƙe numfashi kafin kowane layi,
yana haƙa ranar da ba ta taɓa ƙona shi ba.
Wa ya sani ko ido ne ya fara barin sa
ko kuwa masu ɗaukar hoto suka cinye kasuwar,
yadda injinan Shomolu suka cinye tawa.

Naman ya huce ban ci ba.
Kwandasta na ta kiran Yaba, Yaba.
Na goge yajin da gefen riga,
na ninke tafkin gida huɗu,
na sa shi a gwangwanin asake,
kusa da wadda ta fi kaifi.