Kada A Taɓa

A Kakuri, bayan masaƙar da ta yi shiru,
aka ba ni tsohuwar manhajar albashi
in sauya mata harshe.
Shekara talatin tana ƙirga kuɗi
da yaren da masu jinsa sun ƙare.

A layi na ɗari huɗu da tara
marigayi Bawa Kagoro ya bar wasiyya:
"Kada a taɓa."
Na taɓa. Lissafi ya karkace.

Kwana biyu janareta na tari,
shayina na hucewa,
kafin in gane:
duk kwabon da ya yi saura a rabo,
aljihun masu shara yake tura shi.

Sabon harshen bai san kwabo ba.
Na zauna na koya masa,
na rubuta a ƙasa: kada a taɓa.