Zarton Dogo

Kwana tara ruwa bai ɗauke ba a Valdivia.
Rufi na yoyo daidai kusurwar da nake ajiye gam.
Na tara bokiti, na koma kan lissafi.

Maite ce ta kawo zancen, 'yar ƙanwata,
ta miƙo waya har kan hancina:
"Kawu Eleuterio, dubi wannan.
Zarto ne mai bin dogo kamar jirgin ƙasa.
Ka shimfiɗa masa layi bisa katako,
ka tura, shi ke nan."
Na ce, shi ke nan ɗin nawa ne?
Ta faɗa. Na cire tabarau na goge.
Kuɗin kwanon rufi ne cur, har da ladan mai bugawa.

Shekara arba'in da ɗaya ina yanka a kan tebur.
Teburin ya ci mini yatsa ɗaya da rabi,
na yafe masa,
shi ma ya yafe ranakun da na bar shi ba mai.
Ido ba mudu ba ne, amma nawa ya san kima,
in na ja fensir, fensir ya jawu.

Sai dai aikin ne ya sake fuska.
Da, itace ake saukewa a ƙofa, da ƙamshin daji a jikinsa.
Yanzu faffaɗan allo ne, matsattse,
ya fi ƙofar tsawo, ɗaukarsa sai mutum biyu,
na biyun kuwa, Benjamín,
yana Santiago bisa babur, yana kai wa mutane abinci.
Ni kaɗai nake rungumar allon
kamar mai kokawa da bango,
in ɗora, ya zame, baki ya tsage,
in tsaya dafe da ƙugu ina zagin wanda ba ya ji.

Ran Laraba na haye gada
na aro na Hernán Catrileo, bayan ya sa na rantse sau biyu.
Na kwantar da allo a ƙasa. Ban ɗaga komai ba.
Na aza dogon. Na tura.
Ƙara kaɗan, kamar mai gyaran murya,
gari ya bi tiyo ya shige buhu, ban yi ko tari ba.
Na shafa bakin yankan da guntun yatsana:
sumul, ba tsaga, ba gargada.

Raina ya ɓaci.
Abin da na yi shekaru ina roƙon hannuna ya koya,
ga ƙarfe ya yi shi tun ranar farko,
bai ma san sunana ba.

Amma ba ya komai da komai, kar a ruɗe ku.
Na ba shi siririn katako, ya rasa wurin zama.
Yanka talatin iri ɗaya, tebur ya riga shi gida.
Haɗa ƙafar kujera kuwa, ko kallo bai yi ba.
Na faɗa wa Maite haka, da ɗan jin daɗi.
Ta ce, "Kujera nawa aka sa ka bana?"
Biyu.
"Kabad ɗin kicin fa?"
Na ce ta miƙo mini shayi.

Mai kanti ya ce zai yi shekara goma sha biyar.
Shi ke nan tambayar ta juya ta dube ni:
zarton zai kai,
ni fa?

Na mayar wa Hernán kayansa da kwalbar zuma.
Aro ba ya ado, ya ce, yana duba haƙoran ɗaya ɗaya.

Da dare na zazzage gwangwanin kuɗi bisa benci.
Na kasa kashi biyu: na rufi, na zarto.
Kowanne bai cika ba.
Maite na share gari a bayana,
ta ɗauki fensirina ta saƙala a kunne,
ba ta tambaya ba.
Na daɗe ina kallon kunnen nan.

Na tura kashin rufi cikin ɗayan.
Gobe a sayo bokiti na biyu.