Kwalba Ta Goma Sha Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Lautoka.
Jirgin rake ya bi ta can nesa da asibiti
yana jan taragu kamar tsoho mai jan ƙafa,
ni kuwa ina gaban injin juya jini
ina jira ya raba ja da ruwan ɗorawa.

Kwalba ashirin Mereoni ta kawo a tire.
Ba na karanta suna, aikina lamba ne.
Sai ta goma sha bakwai, rubutunta ya karkace,
na matsa da ita kusa da fitila:
Birendra Autar, shekara sittin da takwas.
Babana.

Da safe cewa ya yi za shi kasuwa
sayo igiyar akuya.

Shekara arba'in yana saran rake.
Cikin zaƙin da ya lodo wa jiragen ruwa
zuwa ƙasashen da bai taɓa takawa ba,
ashe wani ya ƙi tafiya,
ya laɓe a jininsa, ya kafa bukka.
Ciwon suga, in ji likita, tun ina 'yar firamare.
Shi ko dariya ya yi: gona ce ke biyana bashi.

Jini bai iya rufin asiri ba.
Lamba ta farko ta tona wata uku cur:
cokalin da yake ƙara wa shayi in Mama ta juya baya,
alewar Diwali da ya ce don jikoki ya ɓoye.
Wannan na sani. Har na murmusa.

Ta biyu ce ta tsayar mini da numfashi.
Turofonin. Ɗan mitsitsin abu mai zama a tsokar zuciya,
ba ya fita yawo sai bango ya tsage.
Ba yawa. Bai kai na wanda aka kwaso a titi ba.
Kamar garin ƙasar nan ne
da kake tararwa gindin ƙyaure da safe,
ka san gara na ciki, ba ta barci.

Ta uku, saƙon da zuciya kan saki
in kaya ya fi ƙarfin gammo,
ita ma ta ɗaga kai.

Amma ai bai taɓa kama ƙirji ba!
Haka suga yake, ɓarawo mai wayo,
sai ya toshe bakin jijiya tukuna
kafin ya shiga ɗaki,
don kada mai gida ya ji kururuwa.

A makaranta an zana mana layi biyu a allo,
ɗaya na tafiya a miƙe, ɗaya na gangarawa.
Aka ce cikin ɗari masu irin wannan lamba
kaza ba sa daɗewa.
Ba wanda ya ce mana su wa.
Allo bai san mutumin da ke goya ni
ya tsallake kogi da damina ba.

Na sake gwaji. Injin bai canza baki ba.
Na sa hannu. Hannun ya ƙi zama nawa.

Da gari ya waye na sauka daga bas,
ƙaurin ƙonannen rake ya tare ni a hanya.
Ga akuya da sabuwar igiya, shuɗiya,
don kada a ce ya yi ƙarya.
Ga shi a baranda yana wasa addar
da ya daina aiki da ita tun bara waccan.
Hannun rigarsa a sauke, duk da zafi,
auduga na leƙowa ta ƙasan gwiwar hannu.

Ya ce: Kin sha shayi?
Na ce: Litinin za mu ga likitan zuciya.
Akwai magani, akwai sauran hanya, ni zan kai ka.

Ya gwada kaifin adda da babban yatsa,
ya daɗe bai ɗago ba.
Sannan ya ce: Kada ki gaya wa uwarki yau.
Ta riga ta kwaɓa fulawar roti.